Yadda Ake Amfani da Magani Wajen Kwantar da Ciwon Gawut da Hana Shi Dawowa

Ciwon gawut, wani nau'in ciwon gaɓoɓi, ya fi son dare. Mutum ya kwanta lafiya lau, can wajen asuba ya farka da zogi a gindin babban ɗan yatsan ƙafa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, fatar tana sheƙi, ko mayafi ya goge shi sai ya ji kamar ransa zai fita. Cikin yini guda ciwon ya kai ƙarshen tsananinsa, bayan mako ɗaya ko biyu kuma ya lafa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Wannan lafawar ce take yaudarar mutane, su ɗauka an rabu ke nan.

Magungunan gawut kashi biyu ne, kuma aikinsu bai haɗu ba. Akwai na kwantar da ciwo idan ya tashi, ana shan su kwanaki kaɗan. Akwai na rage sinadarin yurik asid a jini, wanda taruwarsa a gaɓoɓi ke haddasa cutar, ana shan su kullum, galibi har tsawon rai. Yawancin masu fama da cutar sun san na farkon, na biyun kuwa ko dai ba a taɓa ɗora su a kai ba, ko sun fara sun watsar. Adadin magungunan da za ka gani a ƙasa shi ne wanda aka saba bai wa baligi mai lafiyar ƙoda. Naka adadin likitanka ne zai yanke.

Mataki na farko: a tabbatar gawut ɗin ne

Ba kowane kumburin gaɓa ne gawut ba. Idan gaɓa ta kumbura tare da zazzaɓi, rawar sanyi ko kasala mai tsanani, a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayoyin cuta kan shiga gaɓa su ba da irin wannan alamar, kuma suna iya lalata ta cikin 'yan kwanaki. Hanya mafi tabbaci ita ce likita ya zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba a madubin likita, inda ake ganin gishirin yurik asid sirara masu tsini. Gwajin yurik asid a jini shi ma yana taimakawa, sai dai yana da wani hali: a tsakiyar ciwo sakamakon kan fito daidai. Don haka idan ya nuna ba komai, a sake shi bayan aƙalla mako 2 da lafawar ciwon. A haɗa da gwajin ƙoda, saboda kusan duk shawarar da za a yanke nan gaba a kansa ta rataya.

Mataki na biyu: idan ya tashi, kada a jira gari ya waye

Duk maganin da za a sha, saurin farawa ya fi zaɓin maganin muhimmanci. Wanda ya riga ya san cutarsa ya kamata ya kasance da maganin a gida, da rubutaccen bayanin yadda zai sha, tun kafin buƙata ta taso. Iri uku ne aka fi amfani da su, kuma ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Abin da ke raba su shi ne sauran cututtukan da mutum yake da su.

Colchicine tsohon magani ne da ake samu daga wani tsiro, an ware sinadarinsa a Faransa tun 1820. Ya fi aiki idan an sha shi cikin awa 12 na farko. Tsarin da aka fi bi yanzu shi ne miligiram 1, sai rabin miligiram bayan awa ɗaya, shi ke nan na wannan ranar. A Amurka ƙwayar tasu 0.6 ce, sai ya zama 1.2 sannan 0.6. A da can ana sa mutum ya yi ta sha kowace awa har sai ciwo ya tafi ko gudawa ta kama shi, amma wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna ƙaramin adadin yana aiki daidai da babban, ba tare da wannan wahalar ba. Gudawa ko amai alama ce ta a dakata. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ba ta da faɗi a wannan maganin, don haka ba a ƙara ƙwaya don ciwo ya yi tsanani, kuma a ɓoye shi daga yara. Mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan clarithromycin, ketoconazole, ciclosporin, verapamil ko ritonavir, dole ya faɗa wa likita, domin waɗannan suna sa colchicine ya taru a jiki.

Na biyu su ne magungunan kumburi irin su naproxen, indomethacin da ibuprofen. Naproxen, misali, ana iya ba da miligiram 500 sau biyu a rana har ciwon ya lafa, a sha bayan cin abinci, sau da yawa tare da omeprazole don kare ciki. Ba su dace da mai gyambon ciki ba, ko mai raunin ƙoda, ko mai gazawar zuciya, ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. Kada a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci ɗaya. Aspirin ba maganin tashin gawut ba ne. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin saboda zuciya kada ya daina da kansa.

Na uku prednisolone, miligiram 30 zuwa 35 a rana na kwana 5. Shi ne mafita ga mai ciwon ƙoda wanda biyun farko suka haramta gare shi. Yana ɗaga sukarin jini, saboda haka mai ciwon suga ya riƙa aunawa a kwanakin. Idan gaɓa ɗaya ce babba, kamar gwiwa, likita na iya yin allurar irin wannan maganin kai tsaye a cikinta.

Ban da magani, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora na minti 20, a sha ruwa sosai. Tausa da murza wurin ƙara masa fushi suke yi.

Mataki na uku: a yanke shawarar fara maganin kullum

Dalilin wannan matakin yana cikin yadda cutar take. Ka zuba gishiri a kofin ruwa: na farko zai narke, idan ka ci gaba da zubawa sai ya fara kwanciya a ƙasa, idan kuma ka ƙara ruwa wanda ya kwanta zai narke. Haka yurik asid yake a jiki. Da zarar ya haura kusan miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya fara daskarewa a gaɓoɓi, musamman masu sanyi na nesa da zuciya. Magungunan mataki na biyu ba sa taɓa wannan gishirin ko kaɗan, kumburin da jiki ya tayar a kansa kawai suke kwantarwa. Ciwo ya tafi, gishiri yana nan, yana ma ƙaruwa.

Ana ba da shawarar maganin kullum ga wanda ciwon ke tasar masa sau 2 ko fiye a shekara, da wanda hoton ƙashi ya nuna gaɓarsa ta fara cinyewa, da wanda ƙullutu suka fito masa. Ƙullutun nan suna da sauƙin ganewa: tauri gare su, kan fito a gefen kunne, gwiwar hannu, yatsu ko agara, wani lokaci fatar ta fashe wani farin abu mai gari-gari ya fito. Wanda ke da ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda, ko yurik asid ɗinsa ya haura 9, ana iya fara masa tun daga tashin farko.

Wasu kan ce za su gyara da abinci kawai. Rage giya, lemon kwalba mai zaƙi, kayan ciki da wasu halittun ruwa yana da amfani, rage ƙiba ma haka. Sai dai a wurin mafi yawan masu gawut matsalar ba yawan ci ba ce, ƙodarsu ce ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata, kuma gado yana da hannu a ciki. Ƙauracewa abinci ba ya saukar da lambar yurik asid a jini sai kaɗan, ba kasafai yake kai mutum inda ake so ba. A ganina an daɗe ana ɗora wa masu wannan cutar laifin kwaɗayi ba bisa haƙƙi ba.

Mataki na huɗu: a fara ƙasa-ƙasa, a riƙa hawa

Allopurinol ne zaɓin farko kusan ko'ina. Ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion da George Hitchings, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1988, an kuma amince da shi a Amurka a 1966. Aikinsa shi ne rage yawan yurik asid da jiki ke ƙerawa. Ana farawa da miligiram 100 a rana, ko 50 ga mai raunin ƙoda. Bayan kamar mako 4 a auna jini. Idan lambar ba ta sauko ƙasa da 6 ba, a ƙara 100, a sake aunawa, haka har a isa. Wasu ɗakunan gwaji da wani ma'auni suke rubutawa, a nan 6 daidai take da 360. Mai ƙullutu ko ciwo mai yawan tashi ana so a kai shi ƙasa da 5, wato 300, don gishirin ya yi saurin narkewa.

A nan ne aka fi yin sakaci. Mutum ya shekara da shekaru a kan 100 ko 300, ba wanda ya sake auna jininsa, ciwo yana ta dawowa, sai ya ce maganin ba ya yi masa. Alhali mutane da yawa suna buƙatar fiye da 300, kuma ana iya kaiwa 800 ko 900 idan ta kama. A wani bincike da aka yi a Nottingham ta Ingila, aka wallafa a 2018, ma'aikatan jinya sun riƙa yi wa marasa lafiya bayani suna daidaita musu adadi bisa gwajin jini. Bayan shekara 2, kashi 95 cikin 100 sun kai lambar da ake nema, a ɓangaren da aka bar su da kulawar da aka saba kuwa kashi 30 ne kawai. Maganin ɗaya ne, bibiya ce ta bambanta. Don haka ka san lambarka, ka rubuta ta da kwanan wata duk lokacin da aka auna.

Abu ɗaya ba a wasa da shi: ƙuraje. Idan ƙuraje suka feso, musamman a watannin farko, ko da zazzaɓi, ciwon baki, jan ido ko saɓar fata, a daina maganin nan take a nemi likita a ranar. Ba ya yawan faruwa, amma yana iya kisa. Haɗarin ya fi yawa ga masu wani gadon halitta da ake kira HLA-B*5801, kuma ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka a 2020 ta ba da shawarar a yi gwajin wannan gadon ga 'yan asalin Sin, Koriya da Tailan da kuma baƙaƙen fatar Amurka kafin a fara. Farawa da ƙaramin adadi shi ma yana rage haɗarin. Mai shan azathioprine ko mercaptopurine kada ya kusanci allopurinol sai da sanin ƙwararre, haɗuwarsu tana iya durƙusar da ɓargo.

Wanda allopurinol bai karɓe shi ba, akwai febuxostat. Wani bincike a 2018 ya tayar da shakku kan lafiyar zuciya, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi a 2019, wani binciken na Turai a 2020 kuma bai ga ƙarin haɗarin ba. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya tattauna wannan da likitansa. Probenecid kuwa ƙoda yake taimaka wa ta fitar da sinadarin, bai dace da mai tsakuwar ƙoda ba.

Mataki na biyar: a shirya wa watannin farko

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, fara allopurinol kan tayar da ciwon. Tsohon gishirin da ya daɗe a kwance ya fara narkewa yana ɓarewa, jiki ya mayar da martani. Mara lafiya ya ga ya fara magani ciwo ya ƙaru, sai ya jefar da kwalin, alhali maganin yana kan aikinsa ne. Saboda haka ake haɗa shi da ƙaramin colchicine, rabin miligiram sau ɗaya ko biyu a rana, na wata 3 zuwa 6, ko ƙaramin adadin maganin kumburi idan colchicine bai dace ba.

Idan duk da haka ciwon ya tashi, a koma mataki na biyu a kwantar da shi, a ci gaba da shan allopurinol yadda aka saba. Tsayarwa da sake farawa yana sa lambar ta yi ta hawa da sauka, wannan kuwa shi kansa yana tayar da ciwo. Kafin tashin ya ɗauke gaba ɗaya ana iya ɗaukar shekara ko fiye, manyan ƙullutu kuma sun fi haka jinkiri.

Mataki na shida: a duba sauran magungunan da ake sha

Ka kwashi duk abin da kake sha ka kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna ya gani. Magungunan sa fitsari irin su hydrochlorothiazide da furosemide suna ɗaga yurik asid, haka ma pyrazinamide na tarin fuka. Losartan da amlodipine kuwa ba sa ɗaga shi, losartan ma yana ɗan saukar da shi, don haka mai hawan jini wani lokaci ana iya sauya masa. Sauyin na likita ne. Maganin tarin fuka ko na zuciya ba a yanke shi saboda yatsan ƙafa.

Bayan lamba ta daidaita, gwajin jini da na ƙoda sau ɗaya a shekara ya wadatar ga yawancin mutane. Idan ka manta ƙwayar rana ɗaya, ka sha ta gobe a lokacinta, kada ka ninka. Idan kuwa ka yi makonni ko watanni ba ka sha ba, kada ka koma kan babban adadin da ka bari kai tsaye. Ka koma wurin likita a sake farawa daga ƙasa, tare da colchicine na kariya, kamar yadda aka yi da farko.