Faifai ɗaya, sabar da yawa: inda ake yawan tuntuɓe da GFS2

GFS2 tsarin fayil ne da ke barin gungun sabobi su yi aiki da faifai ɗaya a lokaci guda. Kuskuren da ya fi tsada shi ne kashe killacewa, wato STONITH, tsarin da ke kashe sabar da ta daina amsawa. Ana sa stonith-enabled=false a Pacemaker, manhajar da ke tafiyar da gungun, "don gwaji", sai a manta. Idan sabar ɗaya ta yi shiru, DLM, mai raba makullan fayiloli tsakanin sabobin, ba ya sakin makullanta sai an tabbatar an kashe ta, don haka sauran duka su tsaya cak. Ba lalacewa ba ce, GFS2 ne ke ƙin barin hannu biyu su rubuta a wuri ɗaya.

A Yamai akwai tarko na biyu. Mutane da yawa suna dogara da IPMI kaɗai, wato katin da ake kashe sabar da shi daga nesa, alhali katinsa yana shan wuta daga layi ɗaya da sabar. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, idan aka ɗauke wuta, batirin sabar ɗaya ya ƙare kafin janareta ya tashi, katin ma ya mutu. Wadda ta tsira tana ta kiransa ba amsa, gungun ya daskare. Maganinsa a ƙara SBD da watchdog (suna sa sabar ta kashe kanta idan ta ware daga gungun) a mataki na biyu, a raba sabobin kan batura daban, kuma suwic ɗin Corosync, hanyar da sabobin ke magana da juna, ya kasance a kan batiri. Shi aka fi mantawa.

Gungu mai sabar biyu kuwa, idan rezo ya yanke, kowace na ganin ita ce mai rai. A ƙara ƙuri'a ta uku da corosync-qnetd a ƙaramar na'ura.

Saurin aiki kuma yawanci a kan makullai yake mutuwa, ba a kan faifai ba. Sabar uku na rubutu a dosiye ɗaya, makullin na ta kai da kawowa kamar guga ɗaya a bakin rijiya. Kowace ta samu dosiyenta. A ɗora faifan da noatime, domin in ba haka ba karatu ma yana iya jawo rubutu. A cire shi daga updatedb, mai bin faifai yana jera sunayen fayiloli, kwafin ajiya kuma kowace sabar ta yi na dosiyenta.

Kowace sabar na buƙatar jurnal nata, inda ake fara rubuta sauye-sauye kafin su shiga faifai: mkfs.gfs2 -j 3 ga sabar uku, gfs2_jadd idan an ƙaro wata. Kamfanin Red Hat ba ya tallafa wa fiye da sabar 16. Kada faifan ya wuce kashi 85 cikin 100 a cike. Kada kuma a kunna fsck.gfs2, mai dubawa da gyara tsarin fayil, sai an sauke faifan daga dukkan sabobin.