Kurakuran da masu ajiye akuya a gida suke yi kan lambar kunne a Ingila

A Ingila doka ba ta san akuyar sha'awa ba. Ko guda ɗaya ce ka ajiye a bayan gida don yara su riƙa wasa da ita, ko ɗari biyar ne a gonar madara, hukuma kallon dabbar kiwo take yi musu, kuma ƙa'idar da ta hau kan babban manomi ita ce ta hau kanka. Mutanenmu da suka samu gida mai fili a wajen gari sukan yi sha'awar gajerun awakin nan da ake kira figmi, waɗanda asalinsu ma daga Afirka ta Yamma aka kai su can. Sai mutum ya gani a intanet, ya biya kuɗi, ya sako ta a bayan mota ya taho gida, bai san ya karya ƙa'ida uku ko huɗu ba tun kafin akuyar ta ci ciyawar farko.

Tushen matsalar yana cikin yadda muka saba fahimtar shaida. A gida, in mace ta tsaga kunnen akuyarta, ko ta shafa mata fenti a gadon baya, ko ta ɗaura mata tsumma a wuya, abin da take nufi shi ne "wannan tawa ce," don kada ta shiga gidan maƙwabta a yi gardama. Lambar kunnen Ingila, wato 'yar shaidar da ake maƙala wa dabba a kunne, ba ruwanta da wane ne mai ita. Tambayar da take amsawa ita ce: a ina aka haifi wannan dabba, kuma ta wace gona da wace gona ta bi? Sun koyi wannan ne da wahala. A watan Fabrairun 2001 ciwon baki da kofato, wanda makiyayanmu ke kira boru, ya ɓarke daga wata gonar aladu a yankin Northumberland. Kafin a farga, tumakin da suka kamu sun bi ta kasuwannin Hexham da Longtown sun warwatsu cikin ƙasa, kuma babu takardun da za a bi sawunsu da sauri. An kashe dabbobi sama da miliyan 6, har zaɓen ƙasa sai da aka ɗaga daga Mayu zuwa Yuni. Bayan haka ne Tarayyar Turai ta fitar da tsarin shaidar tumaki da awaki, Ingila kuma ta kafa dokarta ta 2009 a kai. Wanda ya riƙe wannan tarihi a ransa zai ga dalilin kowace ƙa'ida da ke tafe.

Kuskuren farko tun kafin a taɓa kunne ake yin sa: kawo akuya wurin da ba shi da rajista. Filin da dabbar za ta zauna, ko da ɗan lambun bayan gida ne, sai ya samu lambar da ake kira CPH daga hukumar RPA mai kula da biyan kuɗaɗen manoma da rajistar filaye, kuma kafin akuyar ta iso ake nemanta. Lamba ce mai kashi uku: alƙaluma biyu na yanki, uku na unguwa, huɗu na gidan. Bayan dabbar ta iso kana da kwana 30 ka sanar da hukumar lafiyar dabbobi ta APHA, ita kuma ta ba ka lambar garke mai alƙaluma shida. Idan ba ka da wannan lambar garke, babu kamfanin da zai buga maka lambar kunne ta hukuma. Wanda ya riga ya kawo akuya ba tare da waɗannan ba, gyaran shi ne ya nema yanzu ya faɗi gaskiyar ranar da ta iso. Ɓoyewa ce ke mayar da ƙaramin laifi babba.

Na biyu shi ne karɓar akuya marar lamba daga hannun mai sayarwa. Za ka ji ya ce ai 'yar ƙarama ce, lokacinta bai yi ba. Rabin gaskiya ya faɗa. Ƙa'idar ita ce a sa lamba kafin wata 6 idan ana kwanar da dabbar a ɗaki, ko kafin wata 9 idan a waje take kwana, amma idan za ta bar gidan da aka haife ta, to dole a sa kafin ta fita, ko da satinta takwas ne a duniya. Wannan aikin mai sayarwa ne, kuma da lambar garkensa ake yi. Nan wasu ke ƙara kwaɓa abin: su kawo ta gida, su sayo lamba mai ɗauke da lambar garkensu ta yau da kullum su maƙala mata, kamar a nan aka haife ta. Sun share ainihin abin da lambar take nunawa ke nan. In ka je sayen akuya ka tarar kunnenta fayau, ka ce a sa mata tukuna, in an ƙi ka yi tafiyarka. Mai kiwon da bai damu da lamba ba, da wuya ya damu da rigakafi ko maganin tsutsar ciki. In kuwa ta riga ta shigo gidanka a haka, kira sashen kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarka, su ne masu tabbatar da bin dokar, su za su faɗi yadda za a daidaita.

Sai batun guda nawa. Akuyar da za a ajiye ta wuce shekara ɗaya shaida biyu take buƙata, masu lamba iri ɗaya: haruffan UK, lambar garke, sannan lambar ita dabbar kanta. Aƙalla ɗaya a kunne take, ɗayar kuwa za ta iya zama a ɗaya kunnen, ko munduwar ƙafa da ake ɗaurawa a saman kofato, ko zanen tawada a fata. Lamba guda ɗaya tak, mai lambar garke kaɗai, ta ɗan akuyan da za a yanka ne kafin ya cika wata 12. Sau da yawa mutum yakan sayi ɗan bunsuru mai irin wannan lamba, yara su shaƙu da shi, maganar yanka ta bi ruwa. To kafin ya shekara sai an canja masa zuwa shaida biyu, a kuma rubuta canjin.

Launi ma ba ado ba ne. Ruwan ɗorawa na lamba mai na'urar lantarki ne a ciki, ja na lambar da ke maye gurbin wadda ta ɓace ce ga dabbar da ba a gidan aka haife ta ba, baƙi kuma yana tafiya da na'urar da ake ɗura wa dabba ta zauna a tumbinta. Kada ka zaɓi ja don ya dace da fatar akuyarka. Tumaki dole ne ɗaya daga cikin lambobinsu ta zama mai lantarki, amma ga akuyar da za ta zauna a cikin ƙasa ba dole ba ne, don haka ba sai ka ƙara kuɗi a kai ba sai in kana so. Lambobin roba marasa rubutu da ake sayarwa a shagunan intanet, a rubuta da alƙalami, ba su da matsayi a wurin hukuma. Daga kamfanonin da aka amince da su kaɗai ake saye. Haka nan 'yar na'urar da likita ke sa wa kare ko kyanwa a ƙarƙashin fata ba ta ɗauke maka lambar kunne.

Inda aka fi cutar da dabbar kuwa shi ne wajen hudawa, kuma a ganina yawancin masu ƙin lambar kunne wani kunnen da aka huda ba daidai ba suka taɓa gani. Ka ɗaga kunnen ɗan akuya ka haska shi da fitila ta baya. Za ka ga layuka biyu masu tauri na guringuntsi sun miƙe daga gindin kunnen zuwa bakinsa, da jijiyoyin jini kusa da su. Tsakanin layukan nan ake hudawa, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon kunnen daga kai. Masu tausayi sukan matsa can bakin kunne, wai don kada ya ji zafi, alhali nan ne fatar ta fi siranta. Rana ɗaya zai zura kai cikin ragar shinge ya fizgo, kunnen ya tsage gida biyu. Masu matsawa gindi sosai kuma sukan kama guringuntsi mai kauri, lambar ta matse, iska ba ta shiga, wurin ya kumbura ya yi mugunya. A samu mutum biyu: ɗaya ya rungume ɗan akuyan ya riƙe kansa kam, ɗaya ya huda. A goge kunnen da lambar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kunnen ya zama a bushe. Ɓangaren mai tsini ta bayan kunne yake shiga. A matse filayar hudawa sau ɗaya da ƙarfi a saki nan take, domin jinkiri da rawar hannu ne ke sa dabbar ta fizge ta yage. Filayar kuma ta zama ta kamfanin da ya yi lambar. Ta wani kamfani takan lanƙwasa tsinin ko ta kasa kulle shi. Idan irin lambar nan ce mai naɗewa ta zagaye gefen kunne, a bar ɗan sarari tsakaninta da gefen, don kunnen zai girma. Bayan an gama a juya lambar a ga tana motsi, a kuma riƙa duba wurin cikin kwanakin da suka biyo. In da hali a kauce wa tsakiyar zafi lokacin da ƙuda ya yi yawa, domin ƙuda na yin ƙwai a rauni. Wanda bai taɓa yi ba, ya bar likitan dabbobi ko wani tsohon mai kiwo ya yi na farko yana kallo.

Akuya dai akuya ce, ba ta ganin rami ta ƙyale, saboda haka lamba za ta faɗi wata rana. Laifin ba a faɗuwar yake ba, a yin shiru yake. Daga ranar da ka lura kana da kwana 28 ka mayar. In ɗaya ce ta ɓace, mafi sauƙi shi ne ka sa a buga maka irinta sak da lambar da ta rage. In kuwa sabuwar lamba za ka sa wa akuyar da aka haifa a wani gida, jajaye za ka nema, ka rubuta tsohuwar lamba da sabuwa gefe da gefe a littafin bayanan dabbobin gidanka don kada zaren ya tsinke. Masu cire lamba da almakashi don ta ɓata hoto, ko don yara sun ce tana damun akuyar, su sani laifi ne. Idan kunnen ya rube har sai an cire, a yi magani, a mayar da shaidar bayan ya warke, ko a koma ga munduwar ƙafa. In lambobi na yawan faɗuwa, duba shingenka da ragar da kake zuba ciyawa, galibi a can suke maƙalewa.

Lamba ba ta da amfani in babu takarda a bayanta, kuma nan ne masu akuya ɗaya ko biyu suka fi sakaci. Duk lokacin da akuya ta tashi daga wani gida zuwa wani, takardar tafiya ke raka ta, mai karɓa kuma ya sanar da LIS, masu tattara bayanan zirga-zirgar dabbobi, cikin kwana 3. Kyauta ce, aro ne, duk ɗaya. Aron bunsuru don barbara, wanda a gida yaro ake aika ya jawo shi da igiya, a can tafiya ce da ake rubutawa zuwa da dawowa. Sannan akwai zaman kwana 6: idan sabuwar akuya ta shigo, babu akuya, tunkiya ko saniyar da za ta bar gidan sai kwanakin sun cika, in ba wadda za a kai mahauta kai tsaye ba da wasu 'yan keɓantattun dalilai. Littafin gida kuma ana rubuta ranar sa lamba, canjinta, shiga, fita da mutuwa, a ajiye shi aƙalla shekara 3. Kowace shekara a rubuta adadin dabbobin da ke gidan ranar 1 ga Disamba a aika, ko da adadin "biyu" ne.

A yi hattara da shawarar intanet. Yawancin bidiyoyin kiwon akuya daga Amurka suke, inda tsarin ya ginu kan yaƙi da wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki da awaki, da ƙa'idoji dabam. Ko a cikin Birtaniya, Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da hukumar da ake kai wa rahoto da 'yan bambance-bambancenta. Abin da aka faɗa a nan na Ingila ne.

Tunda doka dabbar kiwo ta ɗauke ta, wasu abubuwa uku na biye da lambar. Ragowar abincin kicin haramun ne a ba ta, har ɓawon kayan miya da ya bi ta kicin ɗin gida, saboda ta abincin aladu na ragowar kicin aka danganta ɓarkewar 2001. Mu da muka saba zuba wa awaki ƙanzo da ɓawon doya, wannan sai an yi da gaske. Na biyu, layya da suna: yanka irin na addini ba tare da an sumar da dabba ba, a mahautar da hukuma ta amince da ita kaɗai aka yarda a yi shi, kuma mahauta ba za ta karɓi akuya marar lamba da takardar tafiya ba. Wanda ke da niyyar Babbar Salla ya daidaita takardunsa ya kama layi tun da wuri. Na uku, in ta mutu ba a binne ta a lambu kamar kare ko kyanwa. Ana kiran masu izinin kwashe mushen dabbobi su ɗauka da lambarta a kunne, a karɓi takardar shaidar ɗauka a ajiye, a rubuta mutuwar a littafi.