Yadda za ka gyara kantinka na intanet ya yi daidai da waya da tabulet

Mai sayen atamfa ko turare ta intanet ba kasafai yake zaune gaban kwamfuta ba. Tecno ce ko Itel a hannunsa, yana cikin adaidaita sahu, data ta kusa ƙarewa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ari irin wannan wayar, ka shiga kantin naka da data, ka sayi kaya ɗaya tun daga zaɓe har biyan kuɗi. Duk inda ka ji ka yi tsaki, nan aikin yake. Shi ma Google tun 2023 ya kammala komawa duba fasalin waya wajen jera shafuka a sakamakon bincike.

Shafi ɗaya za ka gina, mai miƙewa da tsukewa daidai da allo. Idan ka ware wa waya nata daban, wata rana za ka sauya farashi a ɗaya ka manta da ɗayan. A tabbata akwai layin viewport mai width=device-width a saman lambobin ginin shafin, wato layin da ke gaya wa waya ta daidaita shafin da faɗin allonta. In babu shi, waya za ta ɗauka faɗinsa ya kai fiksel 980, ta ƙanƙance komai har rubutu ya koma kamar tururuwa. Fara tsari daga faɗin fiksel 360, kaya biyu a jere. Daga 768, wato tabulet, a mayar da su uku ko huɗu, a gwada a tsaye da kuma a kwance. Jerin da ba ya buɗewa sai an ɗora masa kibiyar linzami, a cire shi, domin yatsa dannawa kawai yake yi.

Hotuna ne ke cinye data. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, kenan guda ashirin a shafi ɗaya sun tasam ma megabait 100. Rage faɗin kowanne zuwa fiksel 800, ka mayar da shi WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, ka yi ƙoƙari ya tsaya a kilobait 100 ko kusa da haka. Waɗanda ke ƙasa a sa musu loading="lazy" don kada su sauko sai an gangaro kansu, amma ban da na farko da ido ke fara gani. A rubuta wa kowane hoto faɗi da tsawonsa. Rashin yin haka ne ke sa shafi ya yi tsalle daidai lokacin da mutum ya kai yatsa, ya danni shadda alhali leshi ya nufa. PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, kyauta ne, zai auna maka: abin da ake so shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sannan kada ka hana buɗa hoto da yatsu biyu. Mai sayen yadi so take ta ga zare da ainihin kala, tunda ba ta da halin shafawa.

Wajen girman maɓalli, Apple ya ce fiksel 44, Google ya ce 48. Ɗauki 48, ka bar tazarar 8 tsakaninsu. Rubutu kada ya gaza fiksel 16, musamman a gurbin cikewa, don in ya gaza, Safari na iPhone yakan zuƙo shafin da kansa ya karkatar da shi. Maɓallin "Saka a kwando" ya zauna a ƙasan allo inda babban yatsa ke kaiwa. Tallan da ke rufe allo da shigowar mutum kuwa, korar baƙo ne tun daga zaure.

Ciniki ya fi lalacewa wajen biya. Kada ka tilasta rajista. Suna, lambar waya, jiha, gari da kwatance sun isa. "Bayan masallacin Juma'a, gida mai koren ƙyaure" ya fi wa mai kai kaya amfani a kan lambar gidan waya. Gurbin lamba a ba shi type="tel" don madannan lambobi su fito, kuma ya karɓi mai farawa da 0 da mai +234. Kuɗin kai kaya a faɗe shi tun a kwando.

Ga matsalar da ba a gani a kwamfuta: mai saye zai fita ya duba lambar sirrin da banki ya turo, ko ya shiga manhajar banki ya yi taransifa. Waya mai ƙaramin ma'aji takan rufe burauza a bayan fage, in ya dawo shafin ya sake lodi, kwando wayam. A riƙa ajiye kwandon da lambar oda a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, yadda zai dawo ya tarar da su. A sa maɓallin kwafe lambar asusu. Maɓallin biya kuma ya daina aiki bayan dannawar farko, in ba haka ba, wanda sabis ya ja wa rai zai danna sau uku. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, Paystack da Flutterwave, duk suna karɓar kati da taransifa da USSD (lambar banki da ake dannawa a waya), ka kunna hanyoyin uku duka.

Wasu ba sa sakin kuɗi sai sun yi magana da mutum. Sa mahaɗin WhatsApp na wa.me da lambar kantin, a fara da 234, a jefar da sifilin farko, saƙon ya taho da sunan kayan a rubuce.

In kantin da Hausa yake, duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna fita daidai, don wasu salon rubutun ba su da su, akwati suke nunawa a gurbinsu. Akwatin bincike kuma ya ɗauki "dankunne" da "ɗankunne" abu guda, tunda madannan wayoyi da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa.