Yadda ake tafiyar kilomita dubu a kan keke

Duk bayan shekara huɗu, a watan Agusta, dubban mahaya keke daga ƙasashe daban-daban kan taru a wajen birnin Paris na Faransa, su nufi garin Brest da ke bakin tekun Atlantika, sannan su juyo su dawo inda suka tashi. Tafiyar kilomita 1,200 ce, kuma sharaɗi ne a kammala ta cikin sa'a 90. An fara ta a 1891, shekarar da Charles Terront ya zo na ɗaya bayan sa'a 71 da 'yan mintoci. Tsarin da aka gina wannan tafiya a kansa shi ne ma'auni mafi kyau ga duk mai niyyar yin nisa a kan keke, ko a Faransa zai yi ko a kan hanyar Kano zuwa Legas.

Fara da lissafi. Idan aka raba kilomita 1,200 da sa'a 90, za a samu kilomita 13 da ɗoriya a kowace sa'a, gudun da kowane mai lafiya zai iya yi a kan keken zuwa kasuwa. Sai dai agogon ba ya tsayawa idan mahayi ya tsaya. Cin abinci da barci da facin taya da kewayawa duk a cikin sa'a 90 ɗin suke. Wanda ke tafiyar kilomita 20 a sa'a zai shafe sa'a 60 a kan sirdi, ya rage masa 30 kacal na sauran bukatunsa cikin kusan kwana huɗu. Saboda haka abin da za ka koya wa kanka tun a wajen atisaye shi ne tafiya daidai wa daida da taƙaita tsayuwa, domin minti 15 da aka ɓata nan da can sun fi cin lokaci a kan rashin gudu.

Masu shirya tafiyar ba sa karɓar kowa sai ya kammala wasu tafiye-tafiye huɗu a wannan shekarar: kilomita 200 cikin sa'a 13 da rabi, 300 cikin sa'a 20, 400 cikin sa'a 27, sai 600 cikin sa'a 40. Akwai hikima a wannan jeri, domin kowane mataki yana tona wani rauni da wanda ya gabace shi bai tona ba. Ta 200 tana koya maka cin abinci kana tafe, ta 300 tana nuna maka inda sirdi da kan keke suke cutar da kai, ta 600 kuwa tana tilasta maka sake hawa keke a rana ta biyu da ciwon jikin jiya, wanda shi ne ainihin jarrabawar. Ka bi wannan tsani a gida. Fara da kilomita 40 ko 50, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, kana barin mako guda na sassauci bayan kowane uku, har ka kai ga iya zuwa Zariya daga Kano, wato kimanin kilomita 150, ka kwana, ka juyo washegari. Wanda bai taɓa yin kwana biyu a jere ba bai shirya ba tukuna, komai ƙarfin ƙafarsa.

Ƙafa ma ba ita ce ta fi kayar da mutane ba. Ƙananan wurare ne: mazauni, tafin hannu, gwiwa da wuya. Daidaita tsawon sirdi ta yadda idan ka ɗora dugaduganka a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka za ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa yana kawo ciwo a gaban gwiwa, wanda ya yi sama kuma yana jawo ciwo a bayanta, yana sa ka riƙa gogar sirdi hagu da dama har fata ta saɓule. Kada faffaɗan sirdi mai laushi ya ruɗe ka. A tafiyar sa'a ɗaya yana da daɗi, amma a ta sa'a goma shi ne ke ƙara guga da zafi. Nemi gajeren wandon mahaya mai soso a ciki, ka sa shi ba tare da wani kamfai ba, ka shafa basilin inda fata ke guga, ka wanke wandon ka shanya duk yamma. Ƙurji ƙarami da ya fito a wannan wuri a rana ta biyu yana iya zama maruru a rana ta huɗu, kuma babu ƙarfin halin da zai zaunar da mutum a kan maruru. Ka riƙa miƙewa tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙoƙi kowane minti 15 ko 20 domin jini ya zaga.

Hannu kuwa, akwai jijiyar da ta bi ta gefen tafi, wadda idan aka daɗe ana danne ta sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, wani lokaci har tsawon makonni. Maganin shi ne safar hannu mai soso da yawan sauya inda ka riƙe. Wuya ya fi haɗari. A tseren ƙetare Amurka na 1983, tsokokin wuyan wani mahayi mai suna Michael Shermer sun gaza bayan ya yi nisa, har ya kasa ɗaga kansa ya ga hanya, kuma da sunansa ake kiran wannan lalura har yau. Idan kan kekenka ya yi ƙasa da yawa, ɗaga shi tun kafin tafiya. Ka kuma zaɓi giya mara nauyi wadda ƙafa za ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti, domin danna giya mai nauyi shi ne ke cinye gwiwa.

Batun ciki shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ajiyar sukarin da ke cikin tsoka da hanta ba ta wuce aikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana aiki da ƙarfi. Idan ta ƙare, sai mutum ya ji ƙafafunsa sun zama ba nasa ba, gumi mai sanyi ya keto masa, hannu ya hau rawa, ransa ya ɓaci ba gaira ba dalili. Wanda ya jira sai ya ji yunwa ya riga ya makara. Ka ci wani abu kowane minti 30 ko 40, ta yadda za ka samu giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace sa'a. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kimanin giram 25. Dabino yana da kyau ƙwarai domin ba ya lalacewa a aljihu. Amma ka sani cewa bayan yini guda ciki yakan ƙi abu mai zaƙi, har ganinsa ma ya tayar da zuciya, kuma a lokacin abinci na sosai mai ɗan gishiri ake bukata: shinkafa da wake, dafaffen dankali, ko burodi da ƙwai a teburin mai shayi. Rage mai da yaji, kuma kada ka gwada abincin da cikinka bai saba da shi ba.

Ruwa kuma rabin lita zuwa lita ɗaya a sa'a, gwargwadon zafin rana. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri, kamar yadda farin tabon da ke bushewa a bayan riga yake nunawa. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla yini guda yana iya tsinka gishirin jininsa, ya kamu da ciwon kai da tashin zuciya da kumburin yatsu da ruɗewa, kuma abin yana iya kisa. Riƙe ƙullin ORS daga kemis, ko ka haɗa da kanka: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ina roƙonka da babbar murya ka nisanci haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo domin ka ci gaba da tafiya. Irinsu ibuprofen suna iya lahanta ƙoda idan jiki ya bushe, tramadol kuwa yana rufe maka alamun da jiki ke ba ka, yana kuma dusashe hankalin da kake bukata a tsakanin manyan motoci.

A Faransa mahaya kan kwanta sa'a biyu ko uku a daɓen wani zaure a garuruwa irin su Loudéac, su tashi su ci gaba cikin dare, kuma da yawa suna ba da labarin ganin mutane ko dabbobin da babu su a dare na uku. Wannan ɓangare kada ka kwaikwaye shi a hanyoyinmu. Tirela da ramuka da matsalar tsaro sun isa su hana tafiyar dare. Tashi da an sallame asuba, ka ci mafi yawan tafiyarka kafin rana ta take, ka fake a inuwa har la'asar, ka ƙarasa kafin magariba. Da kilomita 120 zuwa 150 a yini, dubu za ta ƙare cikin kwana bakwai zuwa tara. Kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, ka kuma tsara tafiyar a wajen watan azumi. Nuwamba zuwa Janairu sun fi, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai nufar kudu tana tura shi, mai nufar Maiduguri kuwa da ita zai yi ta kokawa. Kowace safiya ka tambayi direbobi a tasha halin da hanyar gaba take ciki, ka sanar da na gida inda za ka kwana, ka riƙe katin shaida saboda shingayen bincike.

Kayan gyara ba su da yawa: tif biyu, faci da sholisho, famfo, da sifanun da suka dace da kekenka. Mai facin ƙauye ba lalle ne yana da tif ɗin keken zamani ba. Idan taya ta yi faci, kafin ka sa sabon tif ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka ji ƙayar ko siririyar wayar da ta huda ta, ka cire. In ba haka ba, sabon ma zai sace kafin ka yi kilomita ɗaya.

Zuciya tana da nata lokacin karaya, kuma gara ka san yana tafe. Ga mahayan Faransa yakan zo bayan Brest, idan mutum ya gane cewa duk abin da ya sha zai sake shan irinsa. Gare ka yana iya zuwa a rana ta uku, sa'ad da ɗokin farawa ya wuce, ƙarshe kuma bai ko leƙo ba. Daina ƙirga abin da ya rage gaba ɗaya. Abin da ke gabanka shi ne gari na gaba, ko kuma daga nan zuwa azahar. Ka kafa wa kanka doka tun daga gida cewa ba za ka yanke shawarar janyewa ba kana jin yunwa, ko a tsakiyar hawa, ko da yamma kana gajiye. Ci abinci, yi wanka, yi barci, ka sake duba maganar da safe, domin sau da yawa abin da mutum ya ɗauka karayar zuciya ce ƙarancin sukari ne da rashin barci. Idan kuna tafiya ku biyu, ku yi magana tun farko a kan gudun da za ku bi da abin da za a yi idan ɗaya ya gaza, domin gajiya tana mayar da ƙaramin saɓani babba.

Akwai dai alamun da wannan doka ba ta shafe su ba. Ciwon ƙirji, ruɗewa ko maganar da ba ta kan hanya a cikin zafin rana, fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, suka mai tsanani a gwiwa ko agara wadda ke ƙaruwa da kowane taku, da wuyan da ya fara kasa riƙe kai, duk suna nufin a sauka nan take. Idan zafi ne ya bugi abokin tafiyarka, kai shi inuwa, ka kwara masa ruwa a jiki kana yi masa fifita, ka tare mota a ɗora shi da kekensa zuwa asibiti mafi kusa, ko da yana cewa zai iya ci gaba.