Yadda Ake Shigar da Katamaran Tasha Mai Matsi Yayin da Iska Ke Kaɗawa

Katamaran jirgin ruwa ne mai gangar jiki biyu da aka haɗa da dandali a tsakani, kuma ƙirar da ke sa shi zama daram a kan ruwa ita ce ke wahalar da matuƙi a bakin tasha. Sau da yawa faɗinsa yakan wuce rabin tsawonsa. Samfurin Lagoon 42, alal misali, yana da tsawon mita 12.8 da faɗin mita 7.7. Jikinsa ya yi tudu sama da ruwa, abin da ya nutse kuwa kaɗan ne, saboda haka da zarar gudu ya ragu iska takan kwashe shi gefe. Ƙarfin turin iska yana ninkawa huɗu idan gudunta ya ninka biyu, shi ya sa wanda ya saba da tasha a rana mai laushi yakan rikice idan iska mai ƙarfi da ake kira meltemi ta taso daga arewa a tsibiran Girka cikin Yuli da Agusta, ko wadda ake kira bora ta sauko kan gaɓar Kuroshiya.

Kafin a kusanci mashigar tasha, a sauke filafilai a ɗaure su, a rataye robobin kariya daidai tsayin dakalin da za a jingina, a kuma shimfiɗa igiyoyi a turakunsu ba tare da sun sarƙe ba. A kira ma'aikatan tasha ta rediyo a ji gurbin da aka ba jirgin, sannan a tsaya a fili na ɗan lokaci, a saka injuna a firi, a ga inda iska ke kai jirgin da saurin da take kai shi.

Daga nan a daidaita sitiyari a tsakiya, a kulle shi, a koma kan injuna biyun. A ƙaramin gudu sitiyari ba ya da tasiri sosai, kuma idan aka bar shi sake yayin ribas ruwa yakan fizge shi gefe ɗaya da ƙarfi. Injunan suna nesa da juna da mitoci da dama, don haka jirgin yana juyawa ne kamar baro: hannun da ka tura shi ke gaba. Injin dama gaba, na hagu baya, jirgin ya juya hagu a inda yake tsaye. A riƙa ba da wuta a taƙaice ana komawa firi, a kuma ɗan dakata tsakanin giyar gaba da ta ribas, musamman idan farfelar mai naɗewa ce, domin takan jinkirta kafin ta kama ruwa.

A ganina babu shawarar da ta fi wannan amfani: a ba iska bayan jirgi. Goshin katamaran ba shi da nauyi, iska kuwa kullum tana neman kautar da shi, alhali injuna da farfeloli suna baya. Wanda ya shiga da ribas, bayan jirginsa na fuskantar iska, ya bar goshi ya bi inda dama yake son zuwa, kuma idan lissafi ya ɓaci, hanyar fita tana gabansa.

Idan iska na tura jirgi zuwa dakali, aikin da sauƙi: a tsaya daura da gurbin da tazarar mita ɗaya ko biyu, a bar ta ta jingina shi. Idan daga dakali take busowa, a kawo kusurwar baya kusa, a ɗaure igiyar baya a turke, sannan a ba injin da ke nesa da dakali giyar gaba. Jirgin zai juya a kan igiyar har goshi ya matso, a ɗaure shi cikin natsuwa. A tashoshin Bahar Rum, inda ake ɗaure jirgi da baya a tsakanin wasu jiragen, igiyar baya ta ɓangaren iska ce ta farko. Da ta kama, injin ɗaya ɓangaren ya riƙe goshi har a jawo igiyar tasha da ke kwance a ƙasan ruwa, wadda ake ɗaure goshi da ita. A lura ƙwarai kada wannan igiya ta naɗe farfela.

Matuƙi ba ya ganin duk kusurwoyi huɗun jirgin daga mazauninsa, don haka a sa mutum a kusurwar da ta ɓoye, ya riƙa faɗin tazara da mita ko da alamar hannu da aka amince da ita tun a waje. Kada kowa ya yi tsalle zuwa dakali, kada kuma ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango. Jirgi mai nauyin sama da tan 10 ba a tare shi da jiki, robar kariya ɗaya a hannun wanda ke zagayawa da ita ita ce maganin wannan.

Fita ma tana da dabara idan iska ta manne jirgi da dakali. A sa roba babba a kusurwar baya, a ja igiya daga turken baya zuwa wani turken da ke gaba a kan dakali ta dawo jirgi, a ba injin da ke nesa da dakali ribas har goshi ya buɗe sosai, sannan a zare igiyar a fita da injuna biyu gaba.