Yadda ake daure kudan karya na fatsa da gashin zakara

Yan uwa masu sauka bakin bahar (kogi) da jabbada, wato fatsa, ga wani abu da na dade ina son rubutawa. Kwanaki a nan Maiwurno ta Sudan wani kawuna da ya tsufa a sana'ar su ya sameni ina nada gashin zakara a jikin kugiya, ya tsaya yana kallona can yace "kai dan nan, yanzu har kifi ake yiwa laya?" Nace Kawu Allah ya kara girma, a bari sai yamma. Da magariba da ya leka bokiti yaga kifin kawara bai ce komai ba, washegari dai ya aiko jikansa wai in daure masa guda biyu.

Abin shine kudan karya, kugiyar da ake yiwa kamannin kwaro ta tsaya a saman ruwa. Asalinsa na Turawa ne, a kogunan kudancin Ingila irin su kogin Test aka raya shi tun wajen 1880, domin wani kifi da ake kira tarawut, wanda Larabawa ke cewa salmon murakkat. Kifin ruwan sanyi ne, ruwa na haura digiri 20 ya fara shan wahala, saboda haka kada ma ka nemeshi a Nil, sai dai can kan duwatsun Kenya da Habasha inda aka kaishi aka zuba. Amma dabi'ar da ake kamashi da ita, wato tasowa ya cafke kwaro a saman ruwa, kawararmu ma haka take, kananan buldi (karfasa) ma wani lokaci sukan taso. Duk wanda ya taba zama kasan hazzan (dam) din Sinnar da sanyi lokacin da nimitti, kananan kwarin nan masu kama da sauro, ke tashi kamar hayaki yaga yadda saman ruwa ke ta tsastsafo, toh kifi ne ke kiwo a sama, kai kuma ka nutsar da tanarka kasa kana jira.

Kugiya tukunna. Lambarta na hawa tana kara kankancewa, 14 ta fi 16 girma, 16 ta fi 18. Ka fara da 14, in hannunka ya saba ka koma 16. Mai siririyar waya zaka nema, don masu kaurin nan da muke sa wa garmut (tarwada) ko ka nada musu gashin zakara guda sai sun nutse. Tunda yakin nan ya barke a 2023 kaya basa shigowa suk (kasuwa) kamar da, ni wani dan uwa ne a Jidda yake sako min a kayan masu dawowa. Zare kuma na roba irin na teloli, mafi siriri, ka jashi a kan kakin zuma ko kyandir sau biyu. Na auduga shan ruwa yake, barshi. Sai karamin almakashi, allura, bututun biro da ya kare, da manakir fari, wato man shafa farce na mata, ka roka a cikin gida da lalama. Abin rike kugiya na kanti in babu, zardiya (filaya) ta isa, ka matse lankwasar kugiyar a bakinta ka daure hannun da robar tayar keke, ka danneta a kan tebur da bulo.

Gashi shine inda aikin yake, nan zan dan dade. Na wuyan zakara ake so, tsohon zakara wanda ya shekara biyu ko fi, ba na kaza ba. Gashin kaza laushi gareshi, yana taba ruwa ya jike ya kwanta, na zakara kuwa tsinkayensa a mike suke suna sheki, sune ke dogarawa a fatar ruwa kamar kafafun kwaro. Kanana na can sama kusa da kai su zaka tsiga, ranar da aka yanka zakara a gida ka rigasu kafin a tsomashi a ruwan zafi, in an tsoma shikenan ya baci. Yadda zaka gane ya dace da kugiyarka, lankwasa gashin a jikin kugiyar kaga tsinkayen sun baje, tsawonsu ya zama kamar fadin bakin kugiya daya da rabi. In sun fi haka kudan zai rika kifewa ta gefe, in basu kai ba kugiya zata huda ruwa. Ja, ruwan kasa, da mai zanen fari da baki irin wake-wake sune na fi amfani dasu.

Toh a fara. Danne dan hakorin kugiyar da zardiya ya kwanta, cire kifi zai yi sauki, kuma ranar da ta shige maka yatsa zaka gode min. Kama zare a bayan idon kugiya, ka bar dan fili kamar fadin idon kansa saboda kulli na karshe, ka nada layi daya a jere har inda kugiya ta fara lankwasa. Tsigo tsinkaye shida zuwa takwas daga babban gashi, daidaita bakinsu, ka daure su a nan su zama wutsiya, tsawonta daidai da mikakken jikin kugiyar. Jiki kuma silin gashin dawisu guda daya in ka samu, irin na mafici ko kwalliyar daki, in babu zaren ma ya isa ka nadashi ya dan yi ciki. Ka tsaya a kashi biyu cikin uku na jikin. Yanzu dauko gashin wuyan, cire burbushin gindinsa mai laushi, daure kashin da nadi uku, ka kama bakinsa ka zagaya kugiya sau hudu ko biyar kowane nadi manne da dan uwansa, ka kamashi da zare ka yanke saura. Kulli: nada zaren sau daya a bakin bututun biro, kifa bututun a kan idon kugiya, ka zame madaukin ya fada bayan idon, ja. Yi haka sau uku ko hudu. Digo daya na manakir a bakin allura ka diga a kan kullin ya isa, sannan ka zura guntun gashi ta cikin idon kafin ya bushe, in ba haka ba sai kaje bakin ruwa magariba na yi kana neman ramin da ya toshe.

Kuskuren kowa a farko daya ne, cika kaya. Ni nawa na farko wallahi kamar tsintsiya, ina jin dadi ai kifi zai hangoshi daga nesa, ina jefawa ya tafi kasa kamar tsakuwa. Duk nadin zare nauyi ne, inda uku zasu rike kada ka sa goma. Ka gama ka cika kofin shayi na gilas da ruwa ka sakeshi daga sama, ka daga kofin ka leka ta kasa, haka kifi yake ganinsa. In ya tsaya a kan wutsiya da tsinkayen gashi tamam, in ya nutse sa reza ka kankare ka sake, kugiyar bata baci ba.

Na nimitti ya ma fi sauki, babu wutsiya. Kwaron ya yi kankanta a kwaikwayi guda daya, sai a kwaikwayi curinsu: jikin dawisu, gashin wake-wake a daure daga baya a nadoshi a warwatse har gaba, a 16 ko 18. Na shinge ko tururuwa kuma, yanko siririn zirin bakar sifinja (silifa) tsohuwa, ka daureshi a tsaka ya yi kugu, gashi nadi biyu a kugun. Wannan baya nutsewa ko kifi goma sun tauna.

Sandar Turawa mai tsada ba dole bace. Gora doguwa mai mita hudu, lilo daidai tsawonta, karshensa kamu biyu na siririn lilo mai kaurin milimita 0.14 ko 0.16. Shafa basilin kadan kadan a gashin, jefa sama da inda kaga kifi na tasowa ka bar ruwa ya kawoshi da kansa, kada ka ja, kawara na ganin kwaro yana tsaga ruwa zata kauce. Lokacinsa bayan harif ne, wato damina, in jan ruwan nan ya kwanta, daga la'asar sakaliya zuwa magariba. In kaji an fizga lilo ya dawo ba komai, kas ne, wato tsage, hakoransa basa barin siririn lilo, shi yasa nake tafiya da akalla shida a kwalin ashana. In ka dawo ka shanya su su bushe kafin ka rufe, ka jefa kanumfari biyu a kwalin saboda asu.