Yadda Ake Cike Kogon Haƙori da Ciko Mai Launin Haƙori

Yawancinmu a Zariya ba ma neman likitan haƙori sai ranar da ciwo ya hana mu barci, kuma a ranar babu abin da muke roƙo illa a cire haƙorin mu huta. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin haƙorin da aka cire wa babba ba ya sake fitowa, alhali kogon da aka tara da wuri ana iya cike shi a zama ɗaya. Ba tsutsa ce take cin haƙori ba, kamar yadda aka saba faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya rage daga alewa, lemon kwalba ko shayi mai zaƙi, su fitar da asid wanda yake narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali. Idan ruwan sanyi ya fara tsira maka, ko zaren nama yana maƙalewa a wuri ɗaya kullum, ko ka hangi baƙin ɗigo a kan matauni, to lokacin zuwa asibiti ya yi.

Ka nufi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wani asibitin da likitansa yake da rajista. Ka sanar da likita idan kana da ciwon sukari ko hawan jini, haka kuma mai juna biyu ta faɗa tun kafin a ɗauki hoton haƙori. Idan ka saba cusa kanumfari ko mansa a cikin kogon, kada ka ɓoye, domin yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma mansa yana iya hana cikon daskarewa yadda ya kamata. Hoton ne zai nuna zurfin ramin, kuma idan ɓarnar ta kai jijiya, ciko kaɗai ba zai wadatar ba, sai an yi aikin jijiya tukuna.

Cikon da muke magana a kansa, wanda likitoci ke kira kwamfozit, haɗin wani nau'in roba ne da garin gilashi mai laushi. Tsohon cikon ƙarfe mai launin azurfa kusan rabinsa sinadarin makuri ne, wato zaiba, kuma Yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan makuri, ta nemi ƙasashe su rage amfani da irin wannan cikon. Fifikon kwamfozit bai tsaya ga kyan gani ba, domin yana manne wa haƙori, saboda haka likita ba ya buƙatar fafe lafiyayyen sashe mai yawa don ya samar masa mazauni.

Likita zai fara da zaɓen launi tun haƙorin yana da danshi, ya kara wasu ƙananan samfura kusa da shi har ya sami wanda ya dace. Ka nemi madubi ka duba da idonka, musamman idan haƙorin gaba ne. Daga nan sai allurar kashe zafi idan ramin yana da zurfi, sannan ya fafe ruɓaɓɓen wurin da injinsa. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi buƙatar haƙurinka. Dole ne wurin ya kasance a bushe, domin ɗigon yawu ko jini kaɗan ya isa ya lalata mannewar, shi ya sa za ka ji an cusa maka auduga a gefen dasashi, ko an shimfiɗa wata siririyar roba a kewayen haƙorin, ana kuma zuƙe yawun da bututu. Kada ka rufe baki, kada ka kai harshe wurin, kuma idan ka gaji ka ɗaga hannu maimakon yin magana. Likita zai shafa wani asid na daƙiƙa 15 zuwa 30, ya wanke, ya shafa ruwan manni, sannan ya riƙa zuba cikon kaɗan-kaɗan, kowane hawa bai wuce kaurin milimita 2 ba, yana haska masa shuɗiyar fitila na daƙiƙa 20 zuwa 40 har ya taurare. A ƙarshe zai ba ka wata takarda mai launi ka ciza. Idan ka ji wurin ya ɗara sauran haƙora tsawo ko da kaɗan ne, ka faɗa nan take a goge, domin jin nauyin likita a wannan gaɓa yakan jawo ciwon tauna na makonni.

Cikon ya riga ya taurare kafin ka tashi daga kujera, amma ka jinkirta cin abinci har allurar ta sake ka, yawanci bayan awa 2 zuwa 3, don kada ka ciji leɓe ko kumatu ba ka sani ba. Ɗan tsirawar sanyi na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, sai dai idan ciwon yana ƙaruwa ko yana tashinka da dare, ka koma ba tare da ɓata lokaci ba. Goro, shayi mai kauri da taba suna rina cikon, musamman gefensa, kuma fasa ƙashi ko buɗe kwalba da haƙori yana iya tsaga shi. Ka ci gaba da asuwaki, ka haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, safe da dare, sannan ka kai wa likita ya duba gefen cikon aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ta nan ne sabon kogo yakan fara.